Gyaran sujadarmu a Tawa, daga kaka zuwa Kirsimeti

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Bayan an tashi daga sujada yau, dattawa suka tsayar da mu biyar suka ɗora mana aikin duba tsarin sujadar Lahadi da addu'ar safe ta lakwal, daga yanzu har Kirsimeti. Akwai Fasto, da Baba dattijo wanda ya fi kowa daɗewa a ikilisiyar nan, da Mama shugabar Zumuntar Mata, da shugaban matasa, sai ni da aka ba riƙon littafi tunda ina koyarwa a lakwal ɗin ikilisiya. An ware mana jaka 60, wato sefa dubu 60, daga asusu.

Abin da ya kawo maganar kowa ya san shi. Lahadi ce ranar babbar kasuwar Tawa. Ana cewa ƙarfe tara, ba a farawa sai tara da rabi, sanarwa ta ja, ƙungiyoyi uku su yi waƙa bi da bi, kafin Fasto ya hau wa'azi matan da ke da kaya a kasuwa sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya da goyo a baya. Ba na ganin laifinsu, cinikin ranar shi ne cefanen mako. Karatun Littafi kuma nan take ake nuna mutum a ce ya tashi, sai ya yi ta tuntuɓe da sunayen Tsohon Alkawari. Waƙa ta koma hannun masu makirfo da piyano, jama'a na zaune suna kallo. Wannan ya fi damuna. Manyanmu da yawa ba su yi karatun boko ba, ba su iya bin aya da ido. In an karɓe waƙa daga bakinsu, me aka bar musu a cikin sujadar?

Asabar, 12 ga Oktoba

Zaman farko, a zauren Fasto. Ya buɗe 1 Korintiyawa 14 ya haɗa mana aya ta 26 da ta 40: kowa ya zo da abin da zai gina ƴan'uwa, kuma a yi kome bisa tsari. Ya ce duk abin da za mu shirya, kada ɗaya ya ture ɗaya.

Mun tsayar da ƙarfe takwas zuwa goma. Za a buɗe da Zabura, jama'a su yi waƙa biyu, addu'ar tuba da godiya, karatu biyu, waƙar ƙungiya ɗaya tak, wa'azi na minti talatin, baiko, addu'ar roƙo, sannan sanarwa. Duk mai sanarwa ya kawo ta a rubuce tun Asabar, sakatare ya karanta. An daina miƙa wa kowa makirfo.

Shugaban matasa bai ji daɗin waƙar ƙungiya ɗaya ba, ya ce yara za su yi sanyi in sai bayan mako uku za su fito gaba. Mama ta ce masa, "Ɗana, mu ma muna so mu fito kowane mako. Amma makon da ba ku gaba, ku watsu cikin benci ku ɗaga mana waƙar jama'a. Nan muka fi bukatarku." Ya amince a gwada wata ɗaya.

Talata, 15 ga Oktoba

Na tsara masu karatu bakwai, cikinsu mata uku da yarinya ɗaya ta CM2, ajin ƙarshe na firamare. Za a ba kowa nassinsa ran Laraba, ya zo ya karanta mini da ƙarfi ran Jumma'a da marece. Kaye da hoto-kopin tsarin sujada da waƙoƙi: jaka 9.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mun fara takwas daidai, benci kusan wayam. Fasto bai jira kowa ba, kuma ya yi daidai. Waɗanda suka zo tara sun tarar ana karatu na biyu.

Matsala biyu suka fito. Ta farko, da aka ce mu karanta Zabura tare sai murya ta rabu. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, an kuma sake fassara shi bayan nan. Baba na riƙe da tsohuwar fassara, bencin tsakiya na da wadda aka fi sani, matasa na karanta wata sabuwa a cikin waya. Kowa na kan gaskiyarsa, amma a kunne hayaniya ce. Daga yau abin da za a faɗa tare za a ɗauke shi daga fassara ɗaya, a rubuta a allo.

Ta biyu ta fi wuya: tafinta. Muna da ma'aikatan da aka turo daga Yamai, da ƴan Benin da Togo masu sana'a, waɗanda Faransanci ya fi musu sauƙi, ga kuma gidaje biyu na Abzinawa. In aka fassara kowace jimla, wa'azin minti talatin ya zama awa guda, zaren magana ya yi ta tsinkewa. Yau sai sha ɗaya saura muka tashi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Mun zauna da waɗanda abin ya shafa maimakon mu yanke musu daga nesa. Wani malamin asibiti ya kawo shawarar da muka ɗauka: a karanta nassi da harsuna biyu daga gaba, wa'azi ya tafi da Hausa ba tsayawa, masu bukatar Faransanci su zauna a benci biyu na gefen taga, tafinta na tsakiyarsu yana faɗa musu a hankali. Sau ɗaya a wata za a juya, wa'azi da Faransanci a taƙaice, Hausa a cikakke daga gaba. Abzinawan sun ce Hausa ta ishe su, amma suna so wata rana a ji Addu'ar Ubangiji da Tamajak a majami'ar nan. Na sa ta a Lahadin farko ta Nuwamba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yinin nan duk a wurin mata na yi shi, kuma shi ne mafi amfani tun da muka fara.

Na kai musu Zabura 136. Ayoyi 26 ne, kowace tana ƙarewa da magana ɗaya a kan ƙaunar Allah da ba ta ƙarewa. An rubuta ta ne don mai bayarwa da masu amshi, irin yadda matanmu ke waƙa a bakin turmi tun kaka da kakanni. Na karanta musu sau biyu, ban ce kome game da murya ba. Wata tsohuwa daga wajen Buza, wadda ban taɓa jin ta buɗe baki a sujada ba, ta fara gunguni da amshin tana buga cinya da tafin hannu. Ta sake, ta sauke ƙarshensa ƙasa, ta sake. Mama ta jawo tulu ta kama mata bugun, tana toshe bakinsa tana saki. Kafin la'asar an samu murya, mai bayarwa tana faɗin ayar kusan kamar magana, jama'a su amsa da layin nan ɗaya. Wanda bai iya ko baƙi ɗaya ba zai rera rabin Zaburar da bakinsa, ya kuma tafi da ita gida.

Tsofaffin waƙoƙin littafi ba mu da niyyar yar da su, ko kusa. Da su aka yi wa iyayenmu baftisma, da su aka binne su. Sai dai muryoyinsu daga ƙasashen Turawa suka zo, wani lokaci waƙar na hawa inda maganar Hausa ke sauka, shi ya sa tsofaffin ƙauye ke jan su da nauyi. Shawararmu: kowace Lahadi ɗaya daga littafi, ɗaya ta amshi.

Sabbin tuluna biyu da ƙwarya: jaka 6 da rabi. Sauya fatar ganga: jaka 5.

Litinin, 28 ga Oktoba

Yau aka koma lakwal. Gwamnati ta ɗage komawar daga farkon wata zuwa yau saboda ambaliyar bana, don haka zangon gajere ne. Addu'ar safe minti goma sha biyar ce kafin a ɗaga tuta, ga yaran Kirista kawai. Yawancin ɗalibanmu ƴaƴan Musulmi ne, kuma darakta ya faɗa wa iyaye wannan tun wurin rajista. Aya ɗaya ce ta mako, a maimaita ta kullum, Litinin labari, Jumma'a yaran su yi addu'a da kansu. Ayar mako ita ce za a buɗe sujada da ita ran Lahadi, don yaro ya shigo majami'a ya tarar da abin da ya riga ya sani.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An rera Zabura 136. Ba a kai aya ta huɗu ba bencin baya ya ɗauka. Magidancin Ba'abzinen ya tashi ya faɗi Addu'ar Ubangiji da harshensu, matarsa da yaransu na bi. An tashi goma da minti biyar.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Gardama a kan kayan kiɗa. Wani saurayi ya zo da goge wurin koyon waƙa, ya iya sosai, matasa na murna. Baba ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Da aka gama ya kira yaron gefe, ni ma ina wurin. Ya ce, "Ɗana, hannunka na da daɗi. Amma ni a gidan da na tashi, in ka ji wannan da dare, iskoki ake kira. Na bar shi da hawaye, ba zan iya rufe ido in yi addu'a yana kuka a kunnena ba." Yaron ya ce, "Baba, ai Zabura 150 ta ce a yabe shi da kayan tsirkiya." Baba ya ce ya sani.

Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. A ƙasar Adar bori ba labarin littafi ba ne, akwai masu rai a cikinmu da suka fito daga cikinsa. Baba ya ba mu tarihi daga nan: yadda ƴan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka iso Damagaram a 1924, suka zauna Tsibiri, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, inda shi ya fara jin waƙar sujada yana saurayi. Ya ce a zamaninsu ko ganga sai da aka sha fama kafin ta shiga majami'a, kuma mata ne suka shigar da ita a hankali. A ganina wata rana goge ma zai shiga, a bakin jikokin da ba su san wancan daren ba. Amma ba za mu saye shi da kuɗin fitar dattijo daga sujada ba. Romawa 14 ta yi magana a fili a kan wannan. Yaron zai kaɗa gurmi, Baba ya ce ba shi da damuwa da shi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ampili ya ƙone. An ɗauke wuta ana cikin waƙar farko, ta dawo da ƙarfi, muka ji ƙara da warin waya, lasifika ta yi tsit. Piyano ya tsira don an riga an zare shi. Matasa suka ruɗe, wasu na cewa a aika a ɗauko injin wuta. Fasto ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba. Ya sauko daga bagadi ya tsaya tsakiyar hanya ya yi wa'azinsa a nan, mutane suka matso gaba. Mai karatun yau yarinyar CM2 ce, Rut sura ta 2. Da yake ta yi ta gwaji ran Jumma'a, muryarta ta kai bango ba makirfo. Waƙa kuwa tulu da ganga da tafi suka riƙe, kuma na ji muryoyin maza a bencin dama da na daɗe ban ji ba.

Duk da haka sai an gyara, tsofaffi biyu masu nauyin kunne sun ce rabin wa'azin ya wuce su. Mai gyara ya ce jaka 22, kuma in ba a sa na'urar daidaita wuta ba za a sake. Ita kuma jaka 25. Abin da ya rage a hannuna jaka 39 da rabi ne, bai kai ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Zumuntar Mata ta ba da jaka 15, wani ma'aikaci ya ba da jaka 20 ya ce kada a ambaci sunansa. An kai ampili. Mun yi alama da fenti a kan maɓallin ƙara, ba mai wuce ta. Ma'aunin shi ne: in mai makirfo bai jin jama'a, ya yi yawa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Godiyar kaka. Dammunan gero da dawa, kwanukan wake, busasshiyar kuɓewa, zoɓorodo, kaji, akuya ɗaya. An shigo da su gida gida ana amshin Zabura 65. Da can gwanjon kayan a tsakiyar sujada ake yi, mai kuɗi ya yi ta ɗaga murya, wadda ta kawo tiya ɗaya ta ji kunya. Bana an yi addu'a a kan kayan gaba ɗaya, aka sa albarka, gwanjo sai a waje bayan an tashi. Wa'azin ya ɗora a kan Rut da Littafin Firistoci 19:9-10, inda aka ce a bar gefen gona da kala don matalauci da baƙo. Dattawa sun cire kashi ɗaya na hatsin ba a sayar ba, don gidajen da ruwa ya rushe wa ɗakuna a unguwa, namu da na maƙwabta.

Talata, 26 ga Nuwamba

Wani uba ya zo lakwal da safe. Ɗan kasuwa ne, Musulmi, ɗansa na CE1, aji uku na firamare. Ya gaisa da darakta da ni cikin mutunci, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Mushe, Madam, ban zo faɗa ba. Jiya yaron nan yana wanka yana rera waƙar cocinku daga farko har ƙarshe. Kun ce mana ba a sa su." Darakta ya ce, "Alhaji, ba a sa shi ba, amma ka yi daidai da ka zo." Muka fita tare muka duba. Ajin da ake addu'ar tagoginsa na buɗe kan filin da sauran yara ke jira, kuma amshin da muka yi murnar saurin kama shi, haka yake kama kowane kunne.

Wani cikin malamai ya ce ai bishara ce ta tafi da kanta. Ban yarda a tsaya nan ba. Mutumin nan amana ya ba mu, a kan maganar da muka faɗa masa da bakinmu, kuma shaidar da za mu bayar a garin nan ta fara daga cika alkawari. Daga gobe yaran Kirista za su yi addu'arsu cikin majami'a, can bayan katanga, sauran kuma Mushe na CP, malamin aji biyu, zai riƙe su da bitar karatu. An rubuta wa iyaye takarda. Alhaji ya yi godiya, ya ce yaransa biyu na nan daram.

Lahadi, 1 ga Disamba

An shiga makonni huɗu na jiran Kirsimeti. Ba al'adarmu ba ce sosai, ƴan'uwanmu Katolika sun fi kiyaye ta, amma mun ga amfaninta: Ishaya 9, Mika 5, waƙar Maryamu a Luka 1, sai Luka 2. Mata sun fara nema wa waƙar Maryamu amshi.

Jumma'a, 6 ga Disamba

Makaɗin gangarmu ya tafi Abijan. An gama kaka, samarin Adar sun kama hanyar bida kamar kowace shekara, kuma ba wanda zai ce masa ya zauna, gidansu shi ake kallo. Tare da shi mawaƙa maza biyu. Mun yi musu addu'a a tasha. Ƙanwarsa ta ce ta iya, tun tana ƙarama take ɗaukar gangar in ya ajiye. Hannunta na gudu, tana wuce masu waƙa; Mama za ta zauna kusa da ita da tulu ta riƙa ja mata linzami. Zan roƙi kwamiti a fara koya wa yara biyu-biyu kowane kayan kiɗa, tunda kowace rani haka za ta faru.

Laraba, 11 ga Disamba

Hazo da sanyi, rabin yara na tari, ga jarrabawar ƙarshen zango. An rage addu'ar safe zuwa aya da waƙa ɗaya. Yadin wasan Kirsimeti jaka 12, fitilun sola biyu jaka 8.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, muka samu yini guda na gwajin wasa. Na hana a saka barkwancin da aka saba, inda Hirudus ke cika majami'a da dariya har a manta da jaririn. Matiyu 2 labarin kisan yara ne, kuma a cikin masu kallo akwai iyayen da suka gudo da ƴaƴansu daga garuruwan da ba lafiya. Yara za su yi motsi, masu karatu su karanta nassin, jama'a su amsa da waƙa tsakanin fitowa da fitowa. Makiyayan sun zo da sanduna da malfuna na gaske, wani ya ce zai kawo ɗan rago.

Laraba, 25 ga Disamba

Jiya mun yi sujadar dare daga bakwai zuwa tara, an sanar da hukuma tun farkon mako, matasa na bakin ƙofa. Wuta ta ɗauke sau ɗaya, fitilun sola suka riƙe, ampili lafiya. Ɗan ragon ya yi ta kuka lokacin da mala'ika ke magana, yarinyar ta dakata ya gama ta ɗora daga inda ta tsaya. Yau majami'a ta cika har waje. An karanta Luka 2 da Hausa da Faransanci da Tamajak da Zabarmanci, aya biyar-biyar. Bayan an tashi yara suka rarraba kwanukan shinkafa gidajen maƙwabta, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama ran Layya.

Lahadi, 29 ga Disamba

Na ba dattawa lissafi. Abin da ya shigo jaka 95, abin da ya fita jaka 87 da rabi, saura jaka 7 da rabi. An ce kwamiti ya ci gaba har Ista, 20 ga Afrilu.

Abin da bai gyaru ba: har yanzu akwai masu zuwa takwas da rabi, sanarwa ta fara komawa gidan jiya tun da aka bar mutum biyu suka yi da baki, kuma tafintan benci ya gaji, shi kaɗai ne. Ana neman na biyu. Matasa sun roƙi a ba su Lahadi ɗaya a wata su shirya sujadar gaba ɗaya. Fasto ya yarda, da sharaɗin su kawo masa tsarin ran Alhamis.

A watan Janairu shekara 10 ke cika da ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015. Akwai iyali a cikinmu da abin ya same su a can. Fasto na so a yi addu'ar gafara da zaman lafiya ran Lahadi 19, ba jawabi, kuma zai fara zuwa gidansu ya ji ko suna so a ambaci abin. Azumin maƙwabtanmu zai kama wajen farkon Maris, don haka koyon waƙa na marece zai koma ƙarfe huɗu, a gama kafin shan ruwa, ba lasifika. Mata sun karɓi Zabura 22 da 118 su nema musu murya kafin Jumma'a Mai Kyau. Ni kuma zan bi tsohuwar Buza gida da waya in ɗauki duk amshin da aka yi tun Oktoba, a tura wa ƙananan ikilisiyoyin wajen Keita da Illela da suka aiko suna tambaya. Zama na gaba Asabar 4 ga Janairu, ƙarfe huɗu, a zauren Fasto.